Lallen da Inna Ta Ƙunsa Mini

"Hannu gare shi ko ba shi da hannu?" Baba ya ce. "Shi kaɗai nika tambaya."

"Hannu gare shi," Inna ta ce. "Amma biro anka saya ma hannun."

"To dahwa mishi biron shi ci. Kuma na ji an ce da inji za su yi jarrabawar, ko biron ba a so."

"Kai dai ka ji abin da kaka son ji."

A tsakar gida suke. Ni ina ɗaki, littafin tambayoyin shekarun baya a kan cinyata, ban juya shafi ba tun da suka fara. Maganata ake yi, amma babu wanda ya kama sunana. Ni ne ɗan fari. Baba "kai" yake ce mini. Inna ko hakan ba ta yi. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa ƙanwata Murjanatu, ko da ina zaune a gabanta: ki ce ma wancan abinci na nan. Kakata ce ta raine ni, a ɗakinta na girma har ta rasu. Haka ake yi a tungarmu, ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba. Ni ma ban yi ba.

Rigimar a kan dala ce, babban tarun nan da ake zagaya ruwa da shi a jirgi, sannan a ja shi daga gaɓa da igiya biyu. Bazara ce, tafki ya ja baya, warangi sun matso kusa, ƙananan kifin da ake shanyawa a rana. Mutum biyu cikin masu ja wa Baba igiya sun bi masu haƙar zinariya, ba su ko yi sallama ba. Gefe guda na igiyar ya rasa hannu.

"'Yan kwanaki na ce," Baba ya ce. "Jarrabawa sai sati na sama. Kihi ba ya jiran boko."

"Shekara ka ba shi. Bari shekarar ta cika."

"Shekara na ba shi. Ban ce in mutu da yunwa cikinta ba."

Gaskiya ce, shekara ya ba ni. Na gama sakandare a Wara. Jami'a na son kiredit biyar, dole da Turanci da lissafi a ciki. Na samu sauran, Turanci ya kayar da ni. Baba ya ce in sake, ya kuma ce daga wannan babu wata: in na samu gurbi in tafi, in ban samu ba jirgi na nan bakin ruwa, ba ya tambayar kowa kiredit. Na sake, na ci. Saura jarrabawar shiga jami'a, wadda sau ɗaya ake yi a shekara. Injiniya na cike a takardar neman gurbi. Baba na zaton gyaran injin jirgi ake koyarwa, ban gyara masa ba.

Shekara guda ina cin kifin da ban jiƙa ƙafa a kansa ba. In na bi ta bakin ruwa, sa'o'ina kan ɗaga hannu su ce, "Ranka ya daɗe, Ciyaman." Ina dariya. Ba dariya ba ce.

Na rufe littafin, na fito.

"Zan je," na ce.

Baba ya dube ni, ya dubi Inna, ya ɗauki hularsa ya fita. Inna ta juya wajen tukunyarta.

"Murja," ta ce, "ki ce ma wancan ba a tambaye shi ba."

"Ya ji, Inna," Murja ta ce. "Kunnuwa gare shi awa na zomo."

Igiyar dala roba ce, in ta jiƙe ta kwashi yashi sai ta koma kamar zarto. Masu ja kullum tafinsu ya zama ƙirgi, ba su san tana da kaifi ba. Ni rabona da ita tun ina aji uku. Ranar farko hannuwana suka yi bororo. Rana ta biyu bororon ya fashe. Daga nan fatar kan yatsuna ta fara tsagewa, saboda bayan ja akwai tsince warangi daga idon taru, ƙayarsu ƙanana ce amma ba ta da mutunci. Cin ruwa ya kama tsakanin yatsun. Baba ya gani, ya ce, "Haka ta ke fara ma kowa." Ya ƙara da cewa na fi Ya'u ja, wanda ya gudu zinariya. Wannan ne yabon farko da na samu a wajensa tun da na ci Turanci, kuma ya fi wancan tsawo.

Da aka samu wasu hannuwan, ya sallame ni. Na koma ga littafi, yatsuna ba sa iya juya takarda. Tuwo ma da cokali na ci, don miya na shiga tsagar kamar an zuba barkono. Murja ta yi ta dariya.

"Inna, zo ki gani! Bature ya sauka gidanmu."

Inna ba ta zo ba. Amma washegari bayan la'asar na tarar da ita a gindin bango da ƙwarya, tana kwaɓa lalle da garin bagaruwa. Shi ne maganin cin ruwa da tsagewar fata a wajenmu. Duk macen da ke wankin kifi ta san shi, maza ma na sawa a ƙafa in damina ta yi nisa.

"Murja, ki ce ma wancan shi kawo hannuwanai. Ki sa mishi."

Na zauna a turmi. Murja ta kama yatsana ɗaya da bakin farce kamar ta ɗauko mushen ɓera.

"Wayyo! Yaya, wanga hannu ne ko ƙahwar kunkuru?"

Ta lafta lallen, ya zube a ƙasa. Ta sake, ya sake zubewa.

"Tashi," Inna ta ce. "Ba ki iya komi ba sai surutu."

Ta jawo kujerarta ta zauna a gabana. Ta kama hannuna na dama.

Ban san lokacin da ta taɓa kama shi ba kafin ranar. Na san ta goya ni, dole. Amma ba na tunawa. Abin da na sani na Inna shi ne bayanta a bakin murhu, da muryarta tana bi ta kan Murja tana isowa gare ni.

Tafinta na da kaushi, yana ƙamshin hayaƙin banda. Ba ta dube ni ba. Fuskarta na wajen kaji, tana yi musu faɗa a kan geron da suka watsar, yatsunta kuma na bin nawa ɗaya bayan ɗaya, tana cusa lallen cikin kowace tsaga, tana naɗewa da leda, tana ɗaurewa da zaren tsohon taru. In na motsa don zafi sai ta ɗan sassauta, ba tare da ta daina faɗan kajin ba.

Magana na bakina. Lokacin rajista a Yelwa, da aka ɗauki hoton yatsunmu goma a kan wani ɗan gilashi, mutumin wurin ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce kowa ya saurara: ranar jarrabawa na'ura za ta sake duba yatsa kafin a shiga, kada wanda ya zo da lalle, lalle na ɓoye zanen fata. 'Yan mata yake kallo. Mu maza muka yi dariya. Zulkiflu, ɗan ajinmu, ya ce, "To, amare, kun ji, a ɗage biki." Na yi dariya tare da su. Ban manta ba.

Kalma huɗu ko biyar ce. Inna, an hana sa lalle. Da na faɗa, da ta saki hannun nan take, ta ture ƙwaryar, ta ce wa Murja ta kawo man kaɗe.

Na ce a raina bari ta gama wannan yatsa. Ta gama, ta kama na kusa da shi. Na ce ai zanen 'yan mata ake nufi, mai baƙi, ba magani ba. Na ce kafin ranar ya koɗe. Ta gama dama, ta miƙa hannu ba ta duba ba, na ɗora mata hagu.

Washegari ba wanda ya kira ni. Ni na je na zauna a turmin da kaina, bayan la'asar. Ta ga ni, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar.

Maganin ya yi aiki. Tsagar ta rufe, cin ruwan ya bushe. Yatsuna kuma suka koma kalar busasshen dabino, daga farce har gaɓa ta biyu. Na je can ƙasan gaɓa inda ba kowa, na goge su da yashi da sabulun wanki har suka yi zafi. Ko gezau.

Ranar jarrabawa, rukunin tsakar rana aka ba ni. Bayan sallar asuba na fito da takardar shiga a aljihu, sai na ga Inna ta riga ni bakin hanya da kwandon banda a kai.

"Ta ce kihi za ta kai ma dillaliyarta a Yelwa," Murja ta gaya mini. "Ta ce ba kai taka bi ba, hanya ce ta haɗa ku."

A motar Wara ta zauna can baya, ni a gaba. Hannuwana na cikin aljihu har muka isa.

Cibiyar jarrabawar wani dogon gini ne mai janareto a baya. Iyaye da masu sayar da ruwa a wajen ƙofa, mu a ciki, layi biyu cikin rana. Na hango Inna ta ajiye kwandonta a gindin katanga tsallaken titi. Kasuwa ba ta nan kusa.

Zulkiflu na bayana da mutum uku. Ya ce, "Bilya, ka haddace?" Na ce, "Da sauƙi." Na lura 'yan matan layin da ke kusa duk hannunsu fes, ko ɗigo babu.

A bakin ƙofar ɗakin akwai tebur, da wata mata da kwamfuta, da ɗan gilashin nan mai haske. Ba 'yar wajenmu ba ce, Hausarta ta gabas ce. Kowa ya zo ya ɗora yatsa, allo ya nuna kore, hotonsa ya fito, ta ce wuce; in na'ura ta ƙi, ja yake nunawa.

"Babban yatsa," ta ce mini, idonta na kan allo.

Na fito da hannun. Na ɗora.

Ja.

"Danna sosai."

Ja.

Sai ta dubi hannun. Ta dubi fuskata. Ta sake duban hannun.

"Malam, biki aka yi a gidanku?"

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma na bayana ya ji, ya leƙo, ya gaya wa na bayansa. Na ji dariyar tana tafiya cikin layin kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

"Kai, Bilya!" Muryar Zulkiflu ce. "Aure ka yi ba gayya? Ango kake ko amarya?"

Wani da ban sani ba ya kama hanci ya rangaɗa guɗa. Har layin mata aka fashe.

Matar ta ce a yi shiru. Ta gwada manuni. Ta gwada na tsakiya. Ta bi su duka, dama da hagu, tana goge gilashin da ɗan ƙyalle tsakanin kowane. Ba ta yi mini tsawa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi.

Ta juya tafina sama, ta duba da kyau.

"Yankan mene ne wannan?"

"Igiya."

"Ga lalle, ga tabo. Ko ɗaya ma ya isa ya ba da wahala, balle biyu." Ta ba ni auduga da wata 'yar kwalba mai warin asibiti. "Koma gefe ka goge. In layi ya ƙare mu sake gwadawa."

Na koma gindin wata bishiyar dogon yaro na tsuguna. Layi na wucewa ta gabana. Kowa sai ya duba. Wani ya ɗaga waya, na sunkuyar da kai, na ji ƙarar ɗaukar hoto. Na goge har audugar ta yi ja, na zaci lallen ne ke fita. Sabuwar fatar ce ta buɗe.

Sai na ji hayaniya a ƙofar waje. Mai gadi na cewa, "Hajiya, ba a shiga! Hajiya!" Inna ce. Ta wuce shi kamar ba ta ji Hausa. Kwandon ba ya kanta. A hannunta akwai lemun tsami biyu da dutsen goge kaushi, ban san inda ta samo su ba.

Ba ta zo wajena ba. Teburin ta nufa.

"Sannu da aiki, ɗiyata," ta ce wa matar. "Ni na sa mishi. Magani ne, ba ado ba. Igiya ta yanke shi."

"Mama, ku fita waje, don Allah."

"Mi injin ke nema?"

"Yana tabbatar da cewa shi ne mai sunan, ba wani ya zo rubuta masa ba."

"To shi ne."

"Na'ura ce za ta faɗa, Mama."

"Ni na hwaɗa miki, shi ne."

Matar ta aje ƙyallen. "Ɗanki ne?"

Ragowar layin duk sun juyo. Na ga Inna ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta dubi katanga.

"Na gidanmu ne," ta ce.

"To, Mama, ku jira shi a waje."

Inna ba ta motsa ba. Lemun na hannunta, ta matse su har na ga jijiyar wuyan hannunta ta tashi. Sannan ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, siririya, kamar ta yarinya:

"Bilyaminu ne. Ni na haihe shi. Ranar Talata, ruwa na cike. Ba wani ba ne."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta iya shi ba ma, ta ja tsakiyarsa kamar mai karanta baƙon suna. Wani abu ya taso mini a ƙirji, mai daɗi, kamar an ba ni ruwan randa. Bai daɗe ba. Na ga Zulkiflu a bakin ƙofar ɗaki yana kallo, na ga zanenta da tabon man kifi, da silifas ɗinta da aka ɗinke da zaren taru, na ji ina so ƙasa ta tsage, ko ita ta tafi. Duka biyun na ji, a numfashi guda. Ban tashi daga tsugunen ba.

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Waɗanda suka san abin da ta yi sun sunkuyar da kai. Matar ba ta sani ba.

"Mama, ni na yarda," ta ce a hankali. "Amma ba ni da ikon shigar da shi. An yi ta sanarwa. A wajen rajista ma duk wanda ya je sai da aka gaya masa ba a zuwa da lalle."

Inna ta ɗago kai. Ba ni ta duba ba. Amma na san ta ji.

Da layi ya ƙare aka sake gwadawa. Inna ta yanka lemun da haƙori, ta ajiye a kan tebur, ta koma gefe. Ni na matsa su a yatsuna da kaina. Zafin ya kai har gwiwar hannu. Na ɗora babban yatsa, ya bar jini a gilashin. Matar ta goge, ta ce ya isa haka.

Ta rubuta lambata. Ta ce za a tura sama, wani lokaci ana kiran irinmu a ba su wata rana, wani lokaci ba a kira, ita ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce Allah ya sa a dace. Aka rufe ƙofar. Ta taga na ga bayan kawunansu, kowa da allonsa mai haske, da kujera guda ba kowa, kusa da bango.

A waje kwandon na nan inda Inna ta bar shi. An ɗebi kifin sama. Ba ta ƙirga ba, ba ta nemi dillaliyar ba. Ta ɗora a kai muka nufi tasha, tana gaba ina baya, da tazara.

Hoton ya riga mu isa. Kafin mu sauka a mota ya zagaya wayoyin 'yan ajinmu, daga can ya sauka bakin ruwa. Da muka bi ta wajen masu shanyar warangi, ba wanda ya ce Ciyaman. Wani ya ce, "Amarya, an dawo lahiya?" Wani dattijo ya kwaɗa masa mafici. Na fi jin maficin.

Baba na tsakar gida, yana ɗinkin taru a inuwar zana. Bai ɗago ba sai da Inna ta sauke kwandon.

"An ce kin yi ma namiji ƙunshi."

Ta shiga ɗaki ta fito ba mayafi.

"Da ke nike. An ce kin shiga cikin maza kina shela."

"Na shiga."

"Shekara guda! Shekara guda ina jan igiya da hannun haya, ga ƙato cikin gida, don ke kin ce boko, boko. Ranar da za a ga amfanin bokon, ke da kanki kinka rina shi awa zane. Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Ciwon igiya kashe mutum yake? Ni a da, wa ya sa min lalle?"

Ina tsaye a bakin zaure. Na san abin da matar ta ce: ga lalle, ga tabo, ko ɗaya ya isa. Inna ba ta nan lokacin, ni kaɗai na ji. In na faɗa, rabin kayan zai sauka daga kanta ya koma kan igiyar Baba. Na dubi Baba, da allurar taru a hannunsa, da yatsunsa da ba sa miƙewa sosai. Ban faɗa ba. Ɗaya maganar kuma, wadda za ta sauke mata kayan duka ta ɗora a inda ya dace, ita ma tana nan a maƙogwarona. In na ce na sani, za a ce to don me ka yi shiru. Wannan ba ni da bakin faɗarsa a gidanmu. Ko a nan da nake rubutawa, da ƙyar.

Inna ba ta ambaci dala ba. Na jira ta ce wa ya kai shi ruwa, kamar yadda za ta ce a kowace rana. Ba ta ce ba.

"Sun ce wataƙila a kira," Murja ta sa baki. Ni na gaya mata a zaure. "Baba, sun rubuta lambatai."

"Wataƙila," Baba ya ce. "Zuba wataƙila a tukunya ki ga in ta tahwasa." Ya soke allurar a taru, ya miƙe. Ya tsaya a gabana, ya dubi hannuwana, ya kau da kai da sauri kamar ya ga tsiraici.

"Kai. In sun kira, ka tahi, ban hana ba. Kahin su kira, jirgi na nan. In hannun ya warke."

Ya ɗauki buta ya fita, ko da yake da sauran lokaci kafin a kira salla.

Kaji na tono a gindin turmi. Inna ta jawo kwandon gabanta, ta fara fitar da bandar tana jerawa a kan wayar gashin kifi, don kada zafin mota ya lalata ta. Murja ta tsuguna tana taya ta. Ni na zauna a dakalin ƙofar ɗakina, hannuwana a tsakanin gwiwoyi, suna bugawa kamar da zuciya a cikin kowane yatsa.

Ta jera layi guda. Ta fara na biyu. Ta ɗauki wani kifi, ta juya shi, ta mai da shi inda yake.

"Murja."

"Na'am, Inna."

"Matar nan ta ce duk wanda ya tahi rajista an hwaɗa mishi."

Murja ta dube ni. Na dubi ƙasa.

Muryar Inna ta koma yadda na san ta, mai bi ta kan wani. Fuskarta na kan kifin.

"Ki tambayi wancan. Ranar da ya miƙo min hannu, ya sani?"